Me Zomo Ya Ci Wa Masu Fenti?

Ni dai ina cin nama, kuma duk Babbar Sallah da ni ake tsayawa kan rago har a gama fiɗa. Na fara da wannan ne domin na san halin mutanenmu, da zarar ka buɗe baki ka ce kana tausayin ɓera ko zomo sai a ce ka kwaso aƙidar Turawa masu kwana da kare a gado. To ba can na dosa ba. Abin da nake adawa da shi guda ne, wato azabtar da dabbobi da sunan gwajin sinadaran masana'antu, irin waɗanda ake zubawa a fenti da gam da roba da rini da man inji. Ba maganin zazzaɓi ake nema ba, kayan kasuwa ne ake son a ba su takardar shiga kasuwa.

Bari in gaya wa mai karatu yadda abin yake, don wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan tsira allura ne a sallami dabba. A 1927 wani masanin magunguna a Ingila, J. W. Trevan, ya fito da gwajin da ake kira LD50. Ana samo tarin dabbobi, a raba su rukuni-rukuni, a riƙa ɗura musu abu ana ƙara yawansa har a gano adadin da ke kashe rabinsu. Shi ya yi ne don auna ƙarfin magunguna, amma sai aka mayar da shi ma'aunin kusan kowane sinadari. A 1944 kuma John Draize, ma'aikacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya kawo nasa: a riƙe zomo, a ɗiga masa sinadari a ido ɗaya, a bar ɗayan don kwatantawa, sannan a zauna ana rubuta yadda idon ke ja, yana kumbura, yana ruwa, wani lokaci har kwana 21. Zomo aka zaɓa saboda idonsa babba ne, ba shi da faɗa, ga shi da araha. Duk wanda barkono ya taɓa faɗa wa a ido ya san abin da minti ɗaya ke nufi.

Gaskiya an rage wasu abubuwan. Ƙungiyar OECD, mai tsara ƙa'idojin gwajin da ƙasashe masu masana'antu ke bi, ta soke tsohon LD50 a 2002, kuma tun 2012 ta ce a riƙa ba zomon maganin kashe zafi. Amma ba haka kawai aka wayi gari tausayi ya sauko ba. A 1980 wani malamin makaranta a New York, Henry Spira, ya sayi shafi guda a jaridar New York Times yana tuhumar kamfanin kayan kwalliya na Revlon da makantar da zomaye. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya ware dala 750,000 ga Jami'ar Rockefeller don a nemo wata hanya. Ashe da ma hanyar na nemuwa, kunya ce ba a ji ba tukuna.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne Turai. A 2007 dokar Tarayyar Turai mai suna REACH ta fara aiki, wadda ta ce duk mai ƙera ko shigo da sinadarin da ya kai tan ɗaya a shekara sai ya yi masa rajista a hukumar ECHA da ke Helsinki, tare da bayanin illarsa. Manufar mai kyau ce, ban musa ba, domin dubban sinadarai sun shekara da shekaru a kasuwa ba wanda ya san abin da suke yi wa jikin mutum. Dokar ma da bakinta ta ce kada a taɓa dabba sai an rasa yadda za a yi. Sai dai yawan gwajin da ake nema yana bin nauyin kayan ne: tan 10, tan 100, tan 1,000, kowane mataki da nasa jerin gwaje-gwajen. Na haihuwa shi ya fi cin rai, domin ana ɗura wa iyaye sinadarin, su haihu, a bi 'ya'yan, daga ƙarshe a kashe duka a duba cikinsu. Sinadari ɗaya kan lashe ɓeraye fiye da 1,000. Wani bincike da Jean Knight da Thomas Hartung da Costanza Rovida suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa dabbobin da REACH ta ci da waɗanda ke kan layi sun kai miliyan 4.2, kuma a wasu nau'o'in gwaji kawai.

Wani zai ce, to malam, ran ɓera ko ran ɗan Adam? Da a ce zaɓin ke nan da ban ɗauki alƙalami ba. Matsalar ita ce ɓera ba ƙaramin mutum ba ne. Sinadarin zaƙi na sakarin ya sa wa ɓeraye ciwon daji a mafitsara, aka yi ta liƙa masa gargaɗi a Amurka tun 1977, sai a 2000 aka cire shi daga jerin abubuwan zargi bayan an gane cewa yadda ciwon ke tasowa a fitsarin ɓera ba haka yake a mutum ba. Shi kansa gwajin Draize, in aka maimaita shi da sinadari ɗaya, sau da yawa amsar kan sauya, tunda ido ne na ma'aikaci ke kallon idon zomo yana ba shi maki. Ma'aunin da ba ya yarda da kansa, yaya za a ce shi ne alƙali?

Kuma akwai wasu hanyoyin. Wadda ta fi burge ni ita ce ta idon shanu. Ana karɓo idanun daga mahauta, na shanun da aka riga aka yanka don nama, a cire tantanin da ke saman ƙwayar idon a gwada sinadarin a kansa. OECD ta amince da wannan tun 2009. Akwai fatar mutum da ake rainonta a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin halitta, akwai kuma kwamfuta da ke kwatanta sabon sinadari da danginsa da aka riga aka sani. Ban ce sun rufe kowace ƙofa ba, gwajin haihuwa da na ciwon daji har yanzu da sauran aiki. Amma tun 1959 Russell da Burch suka rubuta cewa a maye gurbin dabba, a rage yawanta, a sassauta mata. Shekara sittin da ɗoriya ba gaggawa ba ce.

Sannan ina ganin abin da ke kashe mutane sau da yawa ba ƙarancin gwaji ba ne. Yara kusan 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, a wajen niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ba don an rasa ɓeran gwaji suka mutu ba. An san dalma guba ce tun zamanin Rumawa. Sanin yana nan jibge, aiki da shi ne babu.

Har kayan kwalliya, da Turai ta hana sayar da waɗanda aka gwada kan dabbobi tun 2013, ba su tsira ba. Hukumar ECHA ta umarci kamfanin Symrise na Jamus da ya gwada wasu sinadarai biyu na man kare fata daga rana a kan dabbobi, wai don lafiyar ma'aikatan masana'anta. Kamfanin ya ƙi, ya kai ƙara, kotun Tarayyar ta kori ƙarar a Nuwamba 2023. Kamfani ne ke cewa ba ya son kashe ɓera, hukuma na cewa dole. A farkon wannan shekarar ta 2023 aka miƙa wa Hukumar Tarayyar Turai takardar koke mai sa hannun mutane fiye da miliyan 1.2 suna neman a daina. Amsar da suka samu a watan Yuli ita ce za a tsara taswirar yadda za a daina ɗin.