Daga Tudun Kugbo Zuwa Gadar Karu: Haɗarin Tafiyar Hawainiya

Matafiyin da ya baro Asokoro ya nufi Keffi, da ya wuce barikin soja na Mogadishu sai hanya ta kai shi tudun Kugbo. Daga nan zai fara gangarawa, masu sana'ar kujeru da makanikai na gefen titi, rufin gidajen Karu da Nyanya kuwa ya shimfiɗu gabansa iyakar ganin ido.

Karu tsohon garin Gbagyi ne, ya riga birnin Abuja kafuwa nesa ba kusa ba. Amma tun da aka yi dokar ƙirƙiro sabon babban birni a 1976, musamman kuma bayan gwamnati ta tare a Disamban 1991, sai garin ya zama masaukin ma'aikatan da kuɗin haya ya kora daga cikin birni. Su da mutanen Mararaba da Masaka na Jihar Nasarawa duk hanyar nan ɗaya su ke bi, su hau tudu da asuba, su gangaro da almuru.

Kowa ya san gudun wuce sa'a na kashe mutane a wannan hanya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jan jiki fiye da kima shi ma yana da nasa alhakin. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma ba a tsakiyar babban titi aka yi maganar ba.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, watau layin hagu na masu wucewa ne, mai tafiya sannu kuwa ya riƙe dama. Dokokin hanya sun yanke wa ƙaramar mota kilomita 100 a sa'a bisa irin wannan titi, tanka da tirela kilomita 60, sun kuma hana yin ƙasa da kilomita 45 in hanya a buɗe ta ke. To, a hawan Kugbo sai ka ga tifa ta sha yashi har wuya tana numfarfashi a layin hagu, ko ɗan tasi yana rarrafe yana leƙen fasinja, ko mai gida ya rage wuta don yana amsa waya.

Lissafin ba shi da wuya. In mota na tafiya kilomita 100, ta gabanta kuwa 30, to, kowace daƙiƙa tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da kamar mita 19. Kafin direba ya ankara ya kai ƙafa birki, rata ta ƙare, balle da dare in ta gaba ba ta da fitilar baya. Wanda ya tsira daga wannan sai ya ƙosa, ya kutsa ta dama, inda 'yan acaɓa da masu jiran mota su ke. A Amurka ma, binciken da David Solomon ya fitar a 1964 ya nuna motocin da gudunsu ya yi nisa da na sauran, ko sama ko ƙasa, su suka fi shiga haɗari.

Mutanen Karu ba za su manta da yammacin 19 ga Maris 2025 ba, cikin watan azumi, sa'ad da wata babbar mota ta ƙwace ta afka wa motocin da cunkoso ya tsayar kusa da gadar Karu, wuta ta tashi. Bayanin farko na 'yan sanda ya ce mutum 6 sun rasu, motoci 14 sun ƙone. Waɗanda abin ya rutsa da su ba su da laifin komai. Sai dai abin ya nuna wa kowa halin gangaren nan: duk abin da ya tsaya ko ya ke jan ciki a gindinsa, yana bakin hanyar abin da ke saukowa da nauyi. Don haka mai tsayawa ɗaukar fasinja a bakin gada, ya jawo layi a bayansa, ya san rayukan da ya ke jerawa.

Ba cewa a ke yi direba ya taka wuta ba. In ana ruwan sama, ko hazo ya rufe gari, ko an iso inda jama'a ke tsallake titi, rage gudu wajibi ne. Abin da a ke nema shi ne kowa ya bi layinsa. Wanda motarsa ba ta da ƙarfin hawa ya koma dama, wanda tasa ta lalace ya ture ta gefe ya aza alama daga nesa, mai waya kuma ya sami wuri ya faka.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya kyautu ta sa ido kan masu tare layin hagu kamar yadda ta ke sa wa masu gudu. Allah ya kiyaye hanya, amin.