Kafin jirgi ya iso, mu dubi ƙasa



Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, mu mutanen Maraɗi, game da jirgin ƙasa, ji muka gada tun daga kakanni. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma duk ya tsaya kudu da iyaka. Wanda Faransawa suka shimfiɗo daga Kwatano kuwa, ya tsaya Faraku a 1936, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Gyaɗar da ta gina arzikin alhazan birnin ga, a bayan manyan motoci ta riƙa tafiya neman jirgi, ko Kano ko Faraku. A zamaninmu an shimfiɗa dogo na wajen kilometir 140 tsakanin Yamai da Doso, aka yi bikinsa a 2016, amma bai zama hanyar fatake ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin dogo na kilometir 284 daga Kano, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, har Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar a kan kusan dalar Amurka miliyan dubu biyu. An sa ran gamawa a 2023. Shekarar ta wuce, 2024 ta bi bayanta, ba a ji kukan jirgi a Maraɗi ba.

Ni malamin lakwal ne da ya aje alli, haifaffen Jiratawa, kuma a cikin wanga jira na samu abin yi. Wani ɗan ƙanena mai sayo kayan gwanjo daga Kwatano ya kawo mini jirgin wasan yara ƙirar Jamus, da kansa da taragai huɗu da ƴan guntayen dogo. Na san akwai masu cewa furfura da wasan yara ba su dace ba. Amma duk wanda ya tashi a karkara ya san mun ƙera motoci da karan dawa da gwangwani da waya tun ba mu san lissafi ba, kuma ma'aikatan gine-gine ba su jin kunyar aje ɗan ƙaramin gida na kwali a ofis, suna kiransa maket. Abin da na ƙudura shi ne in gina wa jirgin ga ƙasar da zai ratsa, ƙasarmu ta gulbi, yadda duk ɗan Jiratawa da ya leƙa zai ce lalle nan gida ne. Da na shiga aikin, sai na tarar jirgin ne mai sauƙi, tun da ƙerarre ya zo. Ƙasar ita ce aikin.

Farkon abin da wanga aiki ke buƙata shi ne awo. Jiragen wasa irin nawa an ƙera su bisa ma'aunin da masu sana'ar ke kira HO, wato kowane abu an rage shi sau 87. Tsakanin ƙarafan dogon wasan akwai milimetir 16 da rabi, kuma in ka ninka sau 87 za ka faɗa kan metir ɗaya da santimetir 43 da rabi, wanda shi ne faɗin dogon Kano zuwa Maraɗi. Bisa wanga ma'auni, namiji tsayayye bai wuce santimetir 2 ba, rumbu santimetir 3 da rabi, babban gawo santimetir 17. Teburin da kafinta ya yi mini yana da tsawon metir 2 da santimetir 30, da faɗin metir ɗaya da santimetir 15, kuma duk girmansa a cikin zaure, hekta biyu tak yake ɗauka. Kilometir goma na hanya, kwatankwacin tsakaninmu da Maraɗi, zai ci metir 115, ya zarce tsawon filin ƙwallo. Saboda haka tilas mai gini ya zaɓa. Na ɗauki gefen gari da rumbunansa, da gangaren da ke sauka fadama, da ɗan yanki na garake, da bakin gulbi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam sai an haɗa ido da ma'auni.

Tudu da kwari da kwali ake tada su, a lulluɓe da takardar buhun siminti da aka jiƙa cikin kokon rogo, a bari ta bushe ta yi tauri. Bayan haka sai shimfiɗa ƙasa, kuma a nan ne mutum ke gane cewa ƙasar garinsu ba launi ɗaya gare ta ba. Rairayin jigawa, inda ake noman hatsi, fari ne mai ɗan ja. Lakar fadama baƙa ce, tana tsagewa da rani. Burjin da ake zuba wa hanya ja ne wur. Yashin cikin gulbi ya fi su duka haske. Kowanne na je na ɗebo shi inda yake, domin babu fentin da zai yi kamarsa. Sai dai ba a zuba shi yadda aka ɗebo. Ƙwayar yashi mai milimetir ɗaya, bisa teburi dutse ce kamar dunƙulen hannu, don haka sai an tankaɗe da rariya, a sake tacewa da ƙyallen ɗan kwali mai laushi, har ya koma kamar gari. A shafa ruwan ƙaro, a barbaɗa, a bar shi kwana guda. Tsakin da ya rage cikin rariya ba a zubar da shi, shi ne daidai tsakuwar da ake jerawa ƙarƙashin dogo.

Daga nan sai babbar tambaya: wane lokaci na shekara za a nuna? Mutum ba ya haɗa damina da rani bisa teburi ɗaya, kuma gawo ne alƙali. Kowane manomi ya san gawo yana zubar da ganyensa in ruwa ya sauka, ya tsaya tsirara hatsi na girma ƙarƙashinsa, sa'an nan ya yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Wanda ya sa koren gero da koren gawo wuri ɗaya, ko yaron da ke kiwon awaki zai ƙaryata shi. Ni na zaɓi lokacin ɗari, bayan an kai amfanin gona gida. Gonakin jigawa sun zama kara da kututture, gawo ya yi ganye, gulbi ya janye ya bar yashi da ƴan tafkuna, masu bugun tubali sun shiga aiki a bakinsa. Kore kuwa yana fadama, inda gandun noman rani na Jiratawa yake, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980 da fili na wajen hekta 500, ana jawo masa ruwa daga rijiyoyin burtsatse. Can ne zogale da tumatir da albasa da barkono suke, waɗanda ke cika kasuwannin Maraɗi.

Itatuwa da wayar tagulla ta tsohon kebur nake murɗa su, in shafe gindin da laka da ƙaro, in yi ganye da soson katifa da aka marmashe aka rina. Kowace itaciya da tsayuwarta. Goruba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Bedi yana cunkushe a ƙofar gida da bakin masallaci. Sabara da kalgo suna warwatse cikin gona. Da na zo ƙidayar itatuwan da zan dasa a hekta guda, sai na koma gonaki na ƙirga da idona, na ga sun fi abin da na sani a ƙuruciyata bayan farin 1973 da na 1984. Wanga albarkar sassaben zamani ce, dabarar barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi, wadda ta fara bazuwa daga jihar Maraɗi tun 1983 har duniya ta zo koyo wurinmu. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansu, sai da zan ƙera su na san yawansu.

Abu na ƙarshe shi ne ƙura. Duk abin da ya fito sabo fil ƙarya yake yi bisa teburi. Kwanon rufi sai an ɗiga masa tsatsa, katanga sai an nuna inda ruwan bara ya zaizaye ta, hanyar amalanke sai an ja mata sawun ƙafa biyu. In an gama, a ɗauki garin jar ƙasa da toka kaɗan, a busa bisa kome da kome, har da jirgin kansa, yadda hunturu ke yi mana. Sai a lokacin abin ke daina kama da kayan kanti.

Ranar da na shimfiɗa dogon, maƙwabta sun cika zaure. Wani Alhaji mai fatauci tsakanin Maraɗi da Kano ya duba ya ce: "Malam, ina tasha? Ina ma'ajiyar kaya, ina ofishin duwan? Jirgin da ba ya tsayawa, ƙura kawai zai bar mana." Wani dattijo kuma, abokin mahaifina, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, can ya aza yatsa gefen dogon ya ce: "Ɗana, wagga gonar da ka raba biyu, ta wa ce?" Na ce: "Baba, ai ta kwali ce, ba ta kowa ba ce." Ya ce: "A ƙasar ga babu gonar da ba ta kowa ba. Kuma shanun da ke sauka gulbi shan ruwa, ta ina za su ƙetare?"

Tambayoyin ga biyu sun fi duk abin da na ƙera nauyi. A bisa taswirar ofis dogo zare ne siriri da aka ja da jan alƙalami. A bisa teburi kuwa, inda kowace gona ke da iyakarta kuma kowane rumbu ke da mazauninsa, ido na ganin abin da zaren ke ci. Ƙarfen siriri ne, amma tudun da ake tada masa da filin da ake sharewa dama da hagu sun ninka shi sau da yawa. Yana yanke burtali. Yana iya tare koramar da ke kai ruwa fadama in ba a yi mata mafita ba. Mu kuwa mun san halin ruwan wanga kwari. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo ta wajen Madarumfa, ya wuce mu, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, ya koma Najeriya. Shi ne ya ci tsohon birnin Maraɗi a 1945 har aka tada gari aka maida shi bisa tudu. Ruwan da ya tada birni ba a tare masa hanya da wasa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ina cikin masu ɗokin jirgin ga. Ɗan kasuwar da ya ga yadda rufe iyakoki a 2023 ya tsayar da motoci ya tada farashin abinci, ya san darajar kowace sabuwar hanya zuwa teku. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ga ma'aikata da ƴan kasuwa masu karanta wanga shafi nake miƙa shi. Duk garin da dogo zai ratsa, daga iyaka har Maraɗi, a yi masa maket, a aje a ofishin magajin gari ko a zauren hakimi. Manomin da bai iya karanta taswira ba zai gane gonarsa nan take in ya ga gawonsa da rijiyarsa. Makiyayi zai nuna burtalinsa da sanda. Mata za su nuna hanyar da suke bi zuwa garka. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya suka sauko har ƙauyuka. Aikinsu na tantance mai gona da shirya diyya zai fi sauƙi in kowa na kallon abu ɗaya. Kuɗin wanga aiki bai kai na liyafar buɗe taro guda ba, kuma yaran lakwal da malamansu za su iya yinsa da kwali da ƙaro.

Akwai kuma wani amfani da ba a gani sai an daɗe. A ƙasar Ingila, wani mutumin Ostiraliya mai suna Roye England ya iso a 1925, ya ga ƙauyukan wani kwari suna sauya kama, ana rushe tsofaffin gidaje masu rufin ciyawa. Sai ya shiga auna su ɗaya bayan ɗaya yana ƙera ƙananansu, da gonakinsu da jirgin da ke ratsa su. Daga aikinsa aka kafa gidan tarihi na Pendon a 1954, inda jikoki suka samu ganin ƙasar kakanninsu yadda take a shekarun 1930. Mu ma ƙasarmu tana sauyawa a gaban idonmu. Maraɗi na miƙo ƙafa kudu, gonaki na komawa filayen gini, bulo na korar tubali, kwano na korar azara. In jirgi ya zo, saurin zai ƙaru. Wa ya aje mana kamannin tsohon Maraɗi na cikin kwari, wanda ruwa ya ci? Wanda ya auna rumbun ubansa yau ya ƙera ƙaraminsa, ya aje wa jikansa shaida.

Saboda haka, ƴan'uwa, kada jiran jirgi ya hana mu kallon abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Masu aiki su shimfiɗa ƙarfensu, mu kuma mu san kowane taƙi da zai bi, mu san mai shi, mu san ruwan da ke bi ta wurin da dabbar da ke ƙetarewa. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane. Allah shi kawo mana jirgin lafiya, shi bar mana gonakinmu da albarkarsu. Sai wani mako, in mai duka ya kai mu.