Harafin da Muka Manta a Jikin Giya

Mu da muka koyi tuƙi da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, mun tashi da sanin cewa giya aikin direba ce. Ƙafar hagu na kan kuloci, hannun dama na kan sandar giya, kunne kuwa na sauraren kukan inji. Da motocin tokumbo masu giya otomatik suka cika ƙasar nan, sai muka yi marhabin da hutun da suka zo mana da shi, musamman a cunkoson Ikko da Badun. Amma hutun nan ya tafi da wani ilimi. A yau akasarinmu haruffa uku muka sani: P ta tsayawa, R ta ribas, D ta tafiya. Lamba 2 da harafin L da ke can ƙasa, sai ka ce ado aka yi da su.

Muddin ana bisa kwalta shimfiɗaɗɗiya, wannan rashin sani ba ya cutarwa. To, amma aikinmu na malaman adabi yakan kai mu inda kwalta ta ƙare, ko wajen ɗaukar waƙoƙin baka a ƙauyuka, ko rakiyar ɗalibai yawon buɗe ido, ko kuwa zuwa gida da damina. A nan ne ya kamata mu tuna cewa giya otomatik gudun mota da nauyin ƙafarmu a kan totur take aunawa, ba ta hango abin da ke gaba. Harafin L kuwa umarni ne gare ta da ta tsaya a lamba ɗaya, kada ta hau sama, kamar yadda 2 ke hana ta wuce lamba biyu.

Mu ɗauki misalin tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake fara hawa daga Mayo Selbe a nufi Gembu, a kan tudun da ya kai wajen mita 1,600. Hawan da wuya, amma saukowa ta fi haɗari. Idan aka bar mota a D, sai ta yi ta ƙara giya tana ƙara gudu, direba kuma ya ɗora ƙafa a kan birki ba ɗagawa. Birki gogayya ce, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Sabon man birki irin DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, amma in ya tsufa ya sha danshi, digiri 140 na iya tafasa shi. Da zarar ya tafasa, sai a taka birki a ji ya nutse, mota ba ta tsaya ba, ga kwana, ga rami, ga ɗaliban mutane a baya. Wanda ya rage gudu tun daga bisa ya sa 2 ko L, injin ne zai riƙe masa motar, birki kuma ya zama na ɗan taɓawa jefi-jefi.

A nan ya wajaba mu yi tsokaci a kan wata al'ada ta direbobinmu, wato sakin mota a furi wajen gangara da sunan tattalin fetur. Motocin zamani sukan yanke mai da kansu idan suna gangarawa cikin giya ba a taka totur ba. Ashe mai sa N bai tsira da ko kwabo ba, ya kuma rabu da riƙon inji.

Haka abin yake a yashi da taɓo. A D, mota takan yi ta kai-kawo tsakanin giya da giya, man giya ya ɗau zafi, taya ta yi ta juyawa a wuri guda har ta haƙa wa kanta rami. Ƙaramar giya da totur daidai-wa-daida, ba fizga, su ke fid da mota. Masu motocin da ke ja da ƙafa huɗu su lura, 4L daban take da L. Ita tana ninka ƙarfin ja ne, akan tsaya cik a sa N kafin a shigar da ita, kuma ba a hawa kwalta da ita. Wasu sababbin motoci ba su da L, sai alamar + da −, aikin dai ɗaya ne.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Shawararmu ga 'yan'uwa malamai da ɗalibai ita ce, kafin tafiya ta gaba, kowa ya nemi fili marar jama'a ya sa L, ya ji yadda inji ke ƙara kuka mota na ja da baya. Kukan nan ba lalacewa ba ce. Gara kunne ya saba da shi tun a gida, da a fara jin sa a bakin gangara.