Ɗanyen Kifi da Haƙƙin Maƙwabci a Birnin Tokiyo

 

Tun da aiki ya kawo mu birnin Tokiyo na ƙasar Japan, tambaya guda ce ƴan'uwa na gida suka fi yi mana: wai da gaske ne mutanen nan ɗanyen kifi suke ci, kuma ya halatta Musulmi ya sa hannu? Lalle da gaske ne. Amma abin da ya kamata mai tsoron Allah ya bincika a wannan abinci da ake kira sushi ba kifin ba ne, wani abu ne dabam da ido ba ya gani.

A unguwarmu akwai wani ɗan shagon sushi, kujerunsa ba su wuce goma ba. Wani dattijo ne ke tsaye bayan dogon teburi na katako yana yanka kifi, matarsa kuma tana kawo koren shayi da ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu. Da asuba yake zuwa kasuwar kifi ta Toyosu, wadda ta maye gurbin tsohuwar kasuwar Tsukiji a shekarar 2018, ya zaɓo abin da zai sayar a ranar. Mutanen Tokiyo ba su cika gayyatar baƙo cikin gida ba, domin gidajen ƙanana ne. Idan maƙwabci ya so girmama ka, irin wannan shago yake kai ka, wurin da aka san shi aka san mahaifinsa. Haka maƙwabcinmu ya yi mana, wani tsoho da ya sha taimaka mana wajen karanta takardun hukuma. Ƙin amsa gayyatarsa tamkar rufe masa ƙofa ne, alhali kowa ya san matsayin maƙwabci a addininmu, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Asalin sushi dabarar adana kifi ce. A da can ana sa wa kifi gishiri, a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa watanni har ta yi tsami, sannan a ci kifin. Har yau ana yin irinsa a kusa da tafkin Biwa, ana kiransa funazushi, kuma wanda ya saba da daddawa ba zai yi mamakin warinsa ba. Wanda duniya ta sani yanzu, wato ɗan dunƙulen shinkafa da yankan kifi a samansa, a birnin Edo ya bayyana, wato Tokiyo ta yau, wajen shekarun 1820, kuma ana jingina shi ga wani mutum mai suna Hanaya Yohei. Abincin bakin hanya ne na masu sauri, kamar yadda ake tsayawa wajen mai tsire. Shi ya sa har gobe ba aibi ba ne a ɗauke shi da hannu maimakon tsinken cin abinci, abin da ya yi mana daɗi ƙwarai: mu yi bisimilla, mu ɗauka da dama, loma guda.

Game da kifin kansa, malaman Malikiyya da muka yi karatu a hannunsu, har da Malam mahaifinmu, ba su da wata tantama. Aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da hadisin teku da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa su ne hujjar cewa dabbar ruwa halal ce, ba ta buƙatar yanka, kuma babu inda aka sharɗanta dafa ta. Hanafiyya kuwa sun taƙaita halaccin ga kifi kaɗai. Saboda haka idan muka haɗu da ƴan'uwa Turkawa ko ƴan Pakistan a babban masallacin Tokiyo, wanda aka fara ginawa a 1938 aka kuma sabunta a 2000, za a ga wasunsu suna kauce wa tako, wata halittar teku mai hannaye takwas da ake kira poulpe da Faransanci, mu kuwa muna ci. Abin sha'awa, kaso mai yawa na takon da ake ci a Japan daga gaɓar tekun Muritaniya da Maroko ake kawo shi, wato masunta Musulmi ne ke kamo shi.

Inda matsalar take shi ne kayan haɗi. Akwai giyar shinkafa mai suna sake, da ƴar'uwarta mai zaƙi da ake kira mirin, wadda ƙarfin barasarta ya kai kusan kashi 14 cikin ɗari. A wurin mutanen Japan waɗannan kamar gishiri da yaji suke a ɗakin girki. Mai dafawa ba ya ma lissafa su cikin giya. Da su ake haɗa romon da ake shafa wa kifi da ɗan burushi, da baƙin romo mai kauri da ake zuba wa anago, wani dogon kifi mai siffar maciji, kuma sau da yawa suna cikin wainar ƙwai mai zaƙi. Don haka tambayar "akwai giya a ciki?" ba ta wadatarwa, domin zai ce babu, kuma ba ƙarya yake nufi ba. Sai an ambaci sake da mirin da sunayensu. Da muka yi wa dattijon bayani ta bakin maƙwabcinmu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ajiye burushin, ya riƙa ba mu farin kifi da ɗan gishiri da ɗigon lemun tsami. Shinkafarsa kuwa ruwan khal ne da gishiri da sukari kawai, kuma khal tsarkakakke ne a mazhabarmu, ko da asalinsa daga giya ya rikiɗa. Ruwan waken soya da ake tsoma kifi, wato shoyu, malamai sun saɓa a kansa saboda ɗan barasar da ke samuwa yayin tsiminsa. Mu dai muna zuwa da ƴar kwalbarmu mai shaidar halal daga shagunan Musulmi na unguwar Shin-Okubo, ba tare da mun aibata wanda ya ɗauki ɗaya fatawar ba.

Sai batun zama. Da dare masu tasowa daga aiki suna shan giya a kan dogon teburin nan, kuma hanin zama a teburin da ake shan giya sananne ne. Da rana muke zuwa, mu zauna a ƙaramin teburi na gefe. Maƙwabcinmu ya lura da haka da kansa, tun daga nan shayi kaɗai yake nema idan muna tare, ba mu taɓa roƙonsa ba.

Halacci dabam, son rai dabam. Uwargida har yau ba ta iya haɗiyar ɗanyen kifi. Naɗin kokwamba da dafaffen jatan lande take ci, kuma ba mu matsa mata. An kawo wa Manzon Allah (SAW) naman dabbar sahara mai kama da damo, bai ci ba domin ransa bai so, amma Khalid ɗan Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba. Yara kuwa, da yake a makaranta suka saba da abincin ƙasar, sun fi mu ƙwarewa, har suna yi mana dariya idan wasabi, wani koren yaji mai hawa hanci, ya sa mu hawaye.

Muna roƙon iyaye mata kada wani ya karanta wannan ya gwada da kifin kogin Kwara ko na tafkin Cadi. Kifin ruwan daɗi yana ɗauke da tsutsotsi masu shiga jikin mutum, kuma na teku ma bai tsira ba, akwai tsutsar anisakis mai jawo matsanancin ciwon ciki. Mutanen Japan kansu ba sa cin ɗanyen kifin salmon a da saboda wannan, sai da ƙasar Norwe ta fara tallata musu wanda ake kiwo tun daga shekarun 1980. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24, kuma firijin gida, balle inda wuta ke yawan ɗaukewa, ba abin dogaro ba ne wajen wannan aiki.