Wa Zai Yi Cara, Wa Za Ta Yi Ƙwai?

Kwana 21 kaza take kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, amma wanda yake son sanin me ta ƙyanƙyashe masa, zakaru ne ko sagaru, sai ya ƙara wasu makonni yana jira. Wannan jiran ne ya fi ba mu wahala a gidanmu, mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta. A wurin aiki mun saba da na'urar da ba ta san "wataƙila" ba, ko sifili ko ɗaya. Sai ga 'yan tsaki goma a bayan gida, duk launi ɗaya, duk kuka ɗaya, babu wanda ya zo da shaida a goshi.

Tambayar ba ta son sani ba ce kawai, akwai kuɗi a cikinta. Dusa da tsaba sun yi tsada, akurkinmu kuma ba ya ƙara faɗi. Zakara ɗaya ya ishi kaji wajen goma. Idan zakaru suka yi yawa a tsakar gida, faɗa ne safe da yamma, su tsige wa kaji gashin baya, su hana maƙwabta barcin asuba. Sagara kuwa ita ce jari, domin ita za ta yi ƙwai ko da zakara ko babu, sai dai ƙwan da ba a taka ba ba ya ƙyanƙyashewa. Saboda haka gane su da wuri shi ne zai faɗa mana wa za mu ajiye, wa za mu yi wa kiwon Sallah, wa zai tafi kasuwa.

Mutane sukan ɗauka cewa cikin tsaki goma biyar za su zama maza, biyar mata. Lissafi bai yarda ba. Hanyoyin da tsaki goma za su iya rabuwa tsakanin namiji da mace 1,024 ne, kuma 252 kawai daga ciki ke ba da biyar da biyar, wato kusan sau ɗaya cikin huɗu. Wanda ya tashi da zakaru bakwai ba a yi masa baki ba. Wani abin mamakin kuma, a wurin tsuntsaye uwa ce ke yanke jinsin ɗa, saɓanin ɗan Adam. Kaza na ɗauke da ƙwayoyin gado iri biyu da ake kira Z da W, zakara kuwa Z biyu gare shi. Wanda uwar ta saka a ƙwai shi ne hukunci.

Mun ji dabaru iri-iri daga masu kiwo. Wai dogon ƙwai zakara ne, mai kewaye kuma mace. Wai a rataya allura da zare a kan tsako a ga yadda za ta juya. Wai a riƙe shi ta ƙafa, in ya ɗago kai namiji ne. Duk waɗannan suna dacewa rabin lokaci, kamar jefa kwabo sama, kuma mai dabarar ranar da ya dace kaɗai yake tunawa.

Alamun gaskiya a hankali suke zuwa, kowace da lokacinta. Daga mako na huɗu zuwa na shida zankon namiji yakan fara tasowa ya yi ja, naman da ke lilo a ƙarƙashin bakinsa ma ya leƙo. Na mace yakan zauna ƙarami, fari-fari, ba ya yin ja sosai sai ta kusa fara ƙwai. Ƙafafun namiji sun fi kauri, ya fi miƙe wuya, kuma in inuwar shaho ta gifta sau da yawa shi ne mai tsayawa ya duba sama yayin da saura suka laɓe. Amma wannan duka zato ne mai ƙarfi kawai. Akwai sagara mai rigima, akwai kuma ɗan zakaran da 'yan'uwansa suka danne har zankonsa ya makara. Kajin gidanmu na Hausa kuwa jininsu a gauraye yake, zanko iri-iri ne, don haka muke gwada tsako da 'yan cikinsu ɗaya, ba da na maƙwabta ba.

Alamar da muka fi yarda da ita tana fitowa wajen wata uku. A ɗaga gashin wuya da na ƙugu, dab da wutsiya. Na namiji siriri ne, mai tsini, yana sheƙi. Na mace bakinsa a kewaye yake, ba ya ƙyalli. Daga nan sai dogayen gashin wutsiya su lanƙwaso kamar lauje. Ƙaimi ba abin dogaro ba ne, don yana makara, kuma wasu kajin ma suna yin sa. Cara takan zo wajen wata huɗu ko biyar, da murya a shaƙe kamar ta yaron da ya fara balaga. Ko ita ma ba ta rufe magana ɗari bisa ɗari, domin kaza da mahaifar ƙwai ɗaya take aiki, ta hagu, in ta lalace kazar na iya yin zanko babba har ta yi cara. Ƙwai ne kaɗai shaidar da ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Manyan gidajen ƙyanƙyasa ba sa iya wannan jiran. A shekarun 1920 masana a Japan, cikinsu da Kiyoshi Masui, suka fito da hanyar gane jinsin tsako tun ranar farko ta duba duburarsa. Bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma ana koyonsa ne da maimaici: ɗalibi ya duba ya faɗi zatonsa, malami ya ce i ko a'a, sau dubbai, har ido ya gane abin da baki ba ya iya bayyanawa. Haka muke koya wa kwamfuta gane hoto a yau, mu ba ta misalai masu yawa tare da amsarsu. Wasu kamfanonin kuma sun haɗa jinin kaji yadda launi zai tona asiri, kamar ISA Brown masu ƙwai, inda mace ke fitowa ja-ja, namiji fari. A can gane namiji da wuri hukuncin kisa ne, don zakaran irin masu ƙwai ba ya yin nama da sauri. Jamus ta haramta kashe irin waɗannan tsaki daga farkon 2022, abin da ya sa ake ta neman gane jinsi tun yana cikin ƙwai.

Iyayenmu mata ba su je Japan ba, amma suna da irin wannan idon. Hajiyarmu takan watsa tsaba, ta dubi tsaki na ɗan lokaci, ta ce, "Wancan da wancan zakaru ne." In muka ce, "Hajiya, da me kika gane?" sai ta ce, "Ba ku ga tafiyarsu ba?" Shekaru ta yi tana zato, cara da ƙwai suna gyara mata, har sanin ya zauna. Mu muna rubuta ranar ƙyanƙyasa a waya, muna ɗaura wa kowane tsako zare mai launi a ƙafa, muna ɗaukar hoto duk Juma'a. Da wuya lissafinmu ya riga idonta.

Wahalar da ta rage ta yara ce. Tun tsaki suna kwana uku suke raɗa musu suna, kuma su ma sun san abin da jan zanko yake nufi a gidan da zakara ɗaya kawai za a bari. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ba su ce yana da sauƙi ba. Shi ya sa muka sa wa kanmu doka: ba a sayar da kowa, ba a ware kowa, sai gashin ƙugu ya fito. Wata ukun nan na dusa mun yarda mu biya shi, don kada mu kai mai ƙwai kasuwa saboda zato, kuma don yaran su sami lokacin ganin alamun da idonsu kafin a yanke shawara a gabansu.