Sanyin Aro

Wannan makon labarin kwaɓi na zo da shi, abin da ya same ni a azumin 2024. Yanzu ne nake iya ba da shi ina dariya.

A Yalwawa nake aure, nan cikin Dutse, kuma ina taɓa 'yar sana'ar cincin da kek idan an samu suna ko biki. Gab da azumi na ga wata baiwar Allah a waya tana yin biskit ɗin bota, wanda 'yan mata ke kira kukis. Dabararta ce ta tafi da ni. Za ki yi kwaɓi sau ɗaya, ki mulmula shi dogo kamar guntun rake, ki naɗe a leda ki jefa a firiza. Ranar da kike so sai ki ciro, ki yanka falle-falle, ki gasa. Babu murji, babu fitar da fure da bakin kofi. Duk macen da ta taɓa kwana tsaye a daren Sallah tana yankan cincin, bayanta na ciwo, ga kitso ba a yi ba, ta san dalilin da ya sa na ji kamar an yi mini albishir.

Awon ba shi da wuya: sukari kashi ɗaya, bota kashi biyu, fulawa kashi uku, da ɗan gishiri. Amma a sikeli ake aunawa. Na fara da gwangwanin madara yadda muka saba, abin ya fito kamar danƙo, don gwangwanin bota ya fi gwangwanin fulawa nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ba a cuɗa shi da yawa. Mu da muka tashi muna bugun ƙullun funkaso har ya yi yauƙi, hannunmu ba ya son tsayawa, alhali shi wannan da zarar fulawa ta ɓace a cikin bota sai ki cire hannu, in ba haka ba ya yi tauri.

Na gwada da botar kanti, wadda asalinta man tsirrai ce, na kuma gwada da ɗanyen man shanu na matan Fulani bayan na wanke shi da ruwan sanyi har warin nono ya ragu. Na man shanu ya fi daɗi, ba a haɗa su. Shi kuma ya fi saurin narkewa, don ɗumin tafin hannu kawai ya ishe shi. Sai na riƙa haɗa su rabi da rabi.

Ɗanɗano kuwa ban je nesa ba. Dutse garin dabino ne, sai na yanka shi ƙanana na zuba a kashi ɗaya. Kashi na biyu na birgima shi a soyayyen riɗi, yadda kowane falle zai fito da zobe a gefensa. Na uku citta da kanumfari, na huɗu busasshiyar kwakwa. Na kai wa mutane ɗanɗano, gida uku suka ce in yi musu na Sallah, har suka ba da kafin alƙalami. Na haɗa da kwasar adashina na sayi kaya. Bayan sahur nake kwaɓawa, lokacin da gari bai ɗau zafi ba, kafin azumi 20 ina da mulmule 12 a jere a firiza. Nakan buɗe in kalle su kawai in rufe.

Gwaggon maigidana tana zaune tare da mu, kuma ita ce mai alkakin gara a danginsu. Ta leƙa firizar ta ce, "'Yar nan, wane irin abinci ne wannan da sai an kwantar da shi asibiti kafin a ci?" Na yi dariya na ce, "Gwaggo, zamani ne." Ta ce, "To, Allah ya ba mai jinya lafiya."

Ranar azumi 24 da la'asar aka ji ƙara a bakin layi, wuta ta ɗauke. Zuwa isha'i labari ya zo cewa taransifoma ce, kuma babu wanda ya san ranar gyara. Watan Afrilu ne, zafin Dutse yana haura 40 da rana. Janareta muna da shi, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama kayan ado. Firiza tana iya riƙe sanyi kamar kwana ɗaya idan ba a buɗe ta ba, sai dai gidan da ke da yara masu azumin rabin yini, wa zai hana su buɗewa? Washegari da yamma na danna mulmule ɗaya, yatsana ya shige.

Bari in ɗan tsaya a nan, don sai daga baya na gane abin da na ɗauko. Sanyin nan shi ne rabin girkin. Idan kwaɓi ya shiga wuta da ƙarfinsa, fulawar tana riga botar kamawa, sai biskit ya tsaya a zagayensa. Idan ya shiga a sake, botar ta zube tun kafin komai ya kama, sai ya baje. Dabarar ta yaɗu ne a Amurka wajen shekarun 1920 da 1930, lokacin da firij ya fara shiga gidaje, har sunan da suka ba shi ma na akwatin ƙanƙara ne. Wato girkin mutanen da sanyi ke zaune a kicin ɗinsu ne. Dubi namu kuma. Alkaki kwana yake yi a ɗumi ya yi tsami, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Nakiya tana yin watanni a kwanon amarya. Dublan, cincin, duk an gina su a kan zafi da rashin firij. Iyayenmu sun san garin da suke. Ni ce na kwaso girki ban tambayi inda aka haife shi ba.

A layinmu gida ɗaya ne ke da firiza mai sola, gidan Maman 'yan biyu, mai sayar da ƙanƙara. Rabon da mu gaisa da kyau wata biyar, tun wani faɗan yara da muka shiga muka fi yaran zaƙewa. Kuma azumi ne kakarta. Kafin magariba yara layi suke yi a ƙofarta da kuloli, duk wurin da leda ɗaya za ta zauna a firizar nan kuɗi ne. Na yi lissafin abin da zan mayar wa gida uku, na yi lissafin adashin da na riga na kwasa kuma dole in ci gaba da zubi. Gwaggo tana kallona ina kai da kawo. Ta ce, "Ke, girman kai zai daskarar miki da shi ne? Ɗauki mayafinki."

Bayan tarawihi na shiga da bokiti a hannu. Na yi sallama, na gaishe ta, na fara kame-kame. Ta buɗe bokitin ta taɓa, ta ce, "Tun yaushe?" Na ce tun jiya. Ba ta ƙara magana ba. Ta buɗe firiza ta fara fitar da ledojin ruwan da ba su gama daskarewa ba, tana jerawa a ƙasa, ina ƙirgawa a zuci, kunya kamar in nutse. Mulmule takwas suka samu wuri. Ta ce, "Sauran kuma sai haƙuri, Maman Abba, akwai waɗanda suka riga suka biya na gobe."

Huɗun da suka rage a daren muka gasa su ni da Gwaggo, a tukunyar yashi, gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Allah ya taimake ni ban sa ƙwai a kwaɓin ba, don haka bai lalace ba, sakewa kawai ya yi. Suka baje suka haɗe kamar gurasa. Gwaggo ta ɗauki wuƙa tun da zafinsa ta yanka shi irin yankan cincin. Yara suka cinye a kwana biyu suna cewa a ƙara.

Abin da ban lissafa ba shi ne yanka. Daga gidanta zuwa nawa gefen kwaɓin ya fara laushi, don haka dole a can zan yanka, in jera a faranti, in ruga gida. Asuba biyu a jere ina zaune a tsakar gidanta a kan kujera 'yar tsugunne, ina yanka kaurin rabin yatsa, tana ɗaure ledojinta. Ranar farko hirar zafi kawai muka yi. Rana ta biyu ta karɓi wuƙar ta ce ina juya mulmulen a hankali ne shi ya sa gefe ɗaya ke lotsewa, ta nuna mini yadda ake juyawa bayan kowane yanka. Daga nan muka koma maganar yaran, waɗanda tun washegarin faɗan suka shirya suka bar mu.

Gida biyu na kai musu nasu cif a jajiberi. Na ukun na kai rabi, na cika da cincin, na mayar da ragowar kuɗi. Matar ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta sake nema na ba. Riba dai ban ci ba, uwar kuɗi ce ta dawo da ƙyar. Aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu, wuta ba ta dawo ba sai bayan nan.

Na kai wa Maman 'yan biyu kuɗin ƙanƙarar da ta fitar, ta ƙi karɓa. Ta ce in dai zan ci gaba, in riƙa ajiye mata mulmule ɗaya na riɗi, don shi maigidanta ke so da shayi. Yanzu na fi yin shi da hunturu, lokacin da man shanu ke tsayawa da kansa a kwano, amma ko da wuta ko babu, a firizarta kwaɓina yake kwana. Jiya ma na dawo daga can da faranti, Gwaggo ta ɗaga kai daga carbinta ta ce, "An sallamo mai jinyar?" Na ce an sallamo. Ta ce, "Miƙo mini na dabinon guda biyu."