Wane Ne Gwanin Gwanaye a Wasan Golf?

Duk sana'ar da ta yi gwanaye ba ta rabuwa da gardama. Tsofaffi su ce na da su ne maza, samari su ce na yanzu sun fi. Haka abin ya ke ga masu sha'awar wasan golf, shekara da shekaru suna musu a kan wanda ya fi kowa tun da aka fara wasan. To, alƙali ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin kowa. Saboda haka ya kamata a kawo mutanen nan ɗaya ɗaya, a duba abin da kowa ya aikata, da halin da ya ke ciki sa'ad da ya aikata shi.

Da fari sai a bayyana wasan, domin wanda bai taɓa gani ba. Asalinsa daga ƙasar Sikotland ne, amma wanda ya zauna Kano ko Kaduna ko Jos watakila ya taɓa hangen filinsa. Fili ne mai faɗi, an haƙa ƙananan ramuka 18 a cikinsa, nesa da juna. Mai wasa ya kan bugi wata 'yar farar ƙwallo, wadda ba ta kai ƙwan kaza ba, da sanda mai lanƙwasasshen kai. Sai ya bi ta, ya sake bugu, har ta faɗa rami, sa'an nan ya nufi na gaba. Kafin ya gama zagayawa ya yi tafiyar mil 4 ko fiye, yaro na biye da shi ɗauke da jakar sanduna. Kowane bugu rubuta shi a ke yi, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. A babbar gasa zagaye 4 a ke yi, watau ramuka 72.

Cikin gasannin da a ke yi kowace shekara akwai 4 waɗanda suka fi sauran daraja. Akwai ta Birtaniya wadda aka fara cikin 1860, da ta Amurka cikin 1895, da ta ƙungiyar 'yan sana'ar wasan, wadda a ke kira PGA, cikin 1916, da kuma wadda a ke kira Masters, da aka fara a garin Augusta cikin 1934. Su ne mudun da a ke auna gwanaye da shi. In an tambayi darajar mutum, sai a ce nawa ya ci cikin manyan nan.

Na farko da za a kawo shi ne Harry Vardon, ɗan wani mai aikin lambu a tsibirin Jersey, wanda aka haifa cikin 1870. Da ɗaukar jakar sanduna ya soma. Ya ci gasar Birtaniya sau 6 tsakanin 1896 da 1914, har wa yau ba wanda ya kai shi a wannan. Ya ci ta Amurka sau ɗaya cikin 1900, jimla 7 ke nan. Mai duban lissafi kaɗai sai ya ce ai wannan kaɗan ne. Amma a tuna, sa'ad da ya ke da ƙarfinsa manyan gasanni 2 ne kawai a duniya, ɗayar kuwa sai an ƙetare teku cikin jirgin ruwa. Sau 3 kaɗai ya shiga ta Amurka, ya zo na ɗaya sau ɗaya, na biyu sau 2. Ciwon tarin fuka kuma ya kama shi cikin 1903, ya bar shi da rawar hannu. Duk da haka irin riƙon da ya ke wa sanda shi mafi yawan gwanaye su ke yi har yanzu, da sunansa kuma a ke kiran riƙon.

Na biyu shi ne Ben Hogan, mutumin Texas ta Amurka, ɗan maƙeri. An haife shi cikin 1912, ubansa ya mutu yana da shekara 9, sai ya shiga ɗaukar jaka don ya taimaki uwarsa. Da ya zama ɗan sana'a ya daɗe bai ci kome ba, har guzurinsa ya sha ƙarewa a hanya. Ba don baiwa ya shahara ba, sai don naci: ya kan tsaya shi kaɗai yana bugun ƙwallo tun safe har hannuwansa su yi kanta. Sai da ya shekara 34 ya ci babbar gasa ta farko, cikin 1946.

Cikin watan Fabrairu 1949, yana tuƙi da matarsa da sassafe cikin hazo, sai wata babbar motar ɗaukar mutane ta yi karo da su gaba da gaba. Da ya ga ba makawa sai ya faɗa kan matar don ya kāre ta, abin da ya tsirar da shi kansa ke nan, gama sitiyari ya huda kujerar da ya ke zaune. Ya karye a ƙugu da kafaɗa da idon sahu da haƙarƙari, ya yi wajen wata 2 a asibiti, har aka yi shakkar ko zai sake tafiya. Bayan wata 16 sai ga shi a gasar Amurka ta 1950, ƙafafunsa naɗe da bandeji, ya taka ramuka 36 a rana guda, kashegari aka yi raba gardama, ya ci. Cikin 1953 ya ci Masters da ta Amurka da ta Birtaniya, ita ta Birtaniya kuwa sau ɗayan nan kaɗai ya taɓa shigarta. Cikin manyan gasanni 9 da ya ci, 6 bayan haɗarin ne.

Na uku shi ne Jack Nicklaus, wanda aka haifa a Ohio cikin 1940. Shi bai sha wuyar talauci ba, ubansa mai kantin magani ne. Ya ci babbar gasa ta farko cikin 1962, ya kayar da Arnold Palmer wanda jama'a su ke ƙauna ƙwarai, har 'yan kallo suka riƙa yi masa baƙar magana. Bai kula su ba. Ya ci gaba da ci shekara bayan shekara, har 1986, sa'ad da mutane su ke cewa ya tsufa, ya ci Masters yana da shekara 46, ɗansa na ɗauke da jakarsa. Jimlarsa 18: Masters 6, PGA 5, ta Amurka 4, ta Birtaniya 3. Ban da wannan ya zo na biyu sau 19. Watau sau 37 ke nan ko dai shi ya ci, ko kuwa shi ne a bayan wanda ya ci.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa cikin lissafi. Cikin 1969 ana gasa tsakanin ƙungiyar Amurka da ta Birtaniya, abin ya rage ga rami na ƙarshe, tsakanin Nicklaus da wani Baturen Ingila, Tony Jacklin. Ƙwallon Jacklin na nan kamar ƙafa 2 daga rami. In ya kuskure, ƙasarsa ta faɗi, ga shi gaban mutanensa. Sai Nicklaus ya yafe masa bugun, ya ba shi hannu, aka tashi kunnen doki. Bai so ya ga an kunyata abokin karawarsa a kan bugu guda ba.

Na huɗu shi ne Tiger Woods, wanda aka haifa a California cikin 1975. Ubansa baƙar fata ne, tsohon hafsan soja, uwarsa kuwa mutuniyar Tailan. Cikin 1997, yana da shekara 21, ya ci Masters ya ba na biyu ratar bugu 12. Cikin 2000 ya ci ta Amurka da ratar bugu 15, alhali sau da yawa da bugu ɗaya ko 2 a ke cin irin wannan gasa. Daga nan ya ci ta Birtaniya, ya ci PGA, ya ci Masters ta 2001, manyan nan 4 duka suka taru a hannunsa a jere. Cikin 2008 ya ci ta Amurka da tsagaggen ƙashi a ƙafa, ita ce ta 14. Kowa ya ɗauka wuce Nicklaus ya zama tilas.

Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Cikin 2009 ya jawo wa kansa abin kunya a sha'anin iyalinsa, sa'an nan ciwon baya ya kama shi, aka yi ta yi masa aiki. Shekara 11 bai ci babbar gasa ba. Cikin 2019 ya komo ya ci Masters yana da shekara 43, ita ce ta 15. Cikin 2021 ya yi haɗarin mota, ƙafarsa ta dama ta lalace ƙwarai. In an haɗa manya da ƙanana, ya ci gasa 82 a jerin gasannin Amurka, daidai da Sam Snead, Nicklaus kuwa 73.

To, ta yaya za a gwada su? Waɗansu sun ce na yanzu sun sami sauƙi, gama Vardon da sandar itace ya yi wasa, Woods kuwa da ta ƙarfe, da ƙwallo mai tafiya nesa. Wannan magana ba ta da ƙarfi sosai, domin duk waɗanda suka kara da juna kayan zamani ɗaya suka riƙe. Abin dubawa shi ne su wa mutum ya kayar. Nicklaus ya kara da Palmer mai 7, da Gary Player na Afirka ta Kudu mai 9, da Lee Trevino mai 6, da Tom Watson mai 8, kowanensu gawurtacce. Cikin 1977 Watson ya kayar da shi da bugu ɗaya tak a gasar Birtaniya, na uku kuwa yana can baya da bugu 10. Masu goyon bayan Woods su kan amsa cewa a zamaninsa wasan ya riga ya bazu a duniya, gwanaye sun yi yawa, kuma abin da ya hana abokan karawarsa tara nasara shi ne shi kansa ya cinye.

Akwai waɗanda ba a ba su damar shiga ma'aunin ba ma. Daga 1934 har 1961 dokar ƙungiyar PGA ta Amurka ta ce farar fata kaɗai za su zama 'ya'yanta. Sa'ad da aka soke dokar, Charlie Sifford, gwanin baƙar fata, ya kusa shekara 40, ƙuruciyarsa ta wuce, duk da haka ya ci gasa cikin 1967 da 1969. Ba a ga baƙar fata yana wasa a Masters ba sai 1975, da Lee Elder ya shiga, shekarar da aka haifi Woods ke nan. Mata kuma da nasu gasannin dabam, cikinsu Kathy Whitworth ta ci 88, ta wuce Snead da Woods. Mai cewa wane ya fi kowa sai ya tuna da waɗannan.

In tambayar ita ce wa ya kai matsayin da ba wanda ya taɓa kaiwa, lalle Woods ne, tsakanin 2000 da 2001. In kuwa wa ya fi haƙuri da wahala ne, Hogan ba shi da na biyu. Amma in tilas ne a faɗi suna guda, sai a ce Nicklaus. Dalili kuwa, wasan nan na ƙidaya ne tun asalinsa, kuma tsayawa kan gaba shekara 24, ana kama kai, ana kiyaye lafiya da mutunci, shi ma gwaninta ne, ba sa'a ba. Shi kansa Woods da mudun Nicklaus ya auna kansa, gama tun yana yaro ya manna takardar nasarorinsa a bangon ɗakinsa. Ya bi shi har ya kai 15, saura 3. Gaba da gabanta, watakila wata rana wani ya zo ya wuce 18. Kafin ranar nan dai, sunan Jack Nicklaus ne a kan gaba.